Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Fastoci Da Dattawan Ikkilisiya: An Riga An Faɗa Mana Abin Da Ubangiji Yake So

Iyayena a cikin Ubangiji,

Gaisuwa da fatan alheri a cikin sunan Yesu Almasihu. Ina gajiyarku, yaya iyali, yaya kuma ɗawainiyar kiwon garke? Allah ya ƙara muku ƙarfi da lafiya.

Ni ɗanku ne. A hannun irinku aka yi mini baftisma, a bakin irinku na fara jin bishara, kuma na yi shekaru ina riƙe da littafin majalisar dattawa a ikkilisiyarmu, ni ne nake rubuta abin da aka tattauna da abin da aka yanke. Saboda haka maganar da zan yi ta ɗan gida ce, mai ɗaki kuwa shi ya san inda ɗakinsa yake yoyo. Na san abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, shi ya sa na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in sa ta a takarda. Idan harshena ya yi kaifi a wani wuri ku yi mini aikin gafara. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Aya guda ce ta tsaya mini a rai, Mika 6:8, inda aka ce wa mutum an riga an nuna masa abin da yake mai kyau, kuma abin da Ubangiji yake nema a wurinsa shi ne ya yi adalci, ya ƙaunaci jinƙai, ya yi tafiya da Allahnsa cikin tawali'u. Kusan kowannenmu ya haddace ta. Muna sa ta a taken taro, muna rubuta ta a jikin bango. Amma da wuya na ji an karanta mana abin da yake gabanta da abin da yake bayanta, kuma ina ganin da ana karantawa, da ayar ba ta yi mana daɗin ji haka ba.

Mika mutumin Moreshet ne, wani ƙaramin gari a kudu maso yammacin Urushalima. Ya yi annabci a zamanin Yotam da Ahaz da Hezekiya, sarakunan Yahuda, wato ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu. A kwanakinsa ne Assuriyawa suka ci Samariya da yaƙi, a shekara ta 722, suka kwashe mutanenta. Duk da wannan barazana a bakin iyaka, abin da ya fi damun annabin yana cikin gida. A sura ta 2 yana maganar waɗanda suke kwance a kan gadajensu suna ƙulla mugunta, gari na wayewa su aikata ta, don kawai suna da ikon yi: su ga gona su ƙwace, su ga gida su karɓe, su kori mata daga gidajensu. A sura ta 3 ya juyo kan shugabanni. Ya ce alƙalai suna yanke hukunci don cin hanci, firistoci suna koyarwa don a biya su, annabawa suna faɗin abin da zai faru don kuɗi. Wanda ya sa musu abu a baka su yi masa shelar salama, wanda bai sa ba su ɗaura masa yaƙi. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ƙarshen aya ta 11: duk da haka suna jingina ga Ubangiji, suna cewa ai Ubangiji yana tare da mu, babu masifar da za ta same mu. Mutanen nan ba su daina sujada ba. Haikali a cike yake, hayaƙin hadaya yana tashi safe da yamma.

Da aka zo sura ta 6 sai Allah ya kira shari'a, ya ce duwatsu da tuddai su zama shaidu. Maimakon ya fara da karanta laifuffuka, tambaya ya yi, irin tambayar uban da zuciyarsa ta karye: ya jama'ata, me na yi muku, da me na gajiyar da ku? Ya tuna musu fitowarsu daga Masar, ya tuna musu Musa da Haruna da Maryamu, da yadda Balak ya nemi a la'anta su aka juya la'anar ta zama albarka. Sai mai sujada ya amsa, kuma amsarsa ciniki ce. Da me zan zo gaban Ubangiji? Da maruƙa 'yan shekara guda? To da dubban raguna? To da kogunan mai dubu goma? Yana ta ƙara tayi har ya kai ga ɗan farinsa. Wannan na ƙarshen ba zuguguntawa ba ce kawai, domin 2 Sarakuna 16:3 ta faɗa mana Ahaz, sarkin zamanin, ya miƙa ɗansa a wuta. Mutumin yana shirye ya ba da komai, muddin za a bar shi da gonar da ya ƙwace da mudun da ya rage. Ayoyi biyu bayan ayarmu, maganar mudu da ma'aunin zalunci da jakar duwatsun awo na ha'inci ake yi.

Iyayena, ku dubi abin da muka fi ji daga bagade a 'yan shekarun nan. Baiko na musamman, alkawarin gini, shuka iri, azumin kwana kaza, taron kwana kaza. Ban ce waɗannan zunubi ba ne, ni ma ina bayarwa, kuma na san ba a gina majami'a da fatar baka. Amma idan mutum ya shekara yana zuwa sujada, aka tambaye shi me Allah yake so a wurinka, ya ce zakka da baiko, ya tsaya a nan, to mun koya masa tambayar aya ta 6 da ta 7, mun ɓoye masa amsar aya ta 8. Yesu ya faɗa wa malaman Attaura da Farisiyawa haka a Matiyu 23:23. Har ganyayen lambu suna fitar wa zakka, amma sun bar abubuwa mafi nauyi na Shari'a, wato adalci da jinƙai da aminci. Bai ce su daina zakkar ba. Ya ce waɗannan ne ya kamata su yi, ba tare da sun bar waɗancan ba.

Ba zan yi ta nuna ku da yatsa ina ɓoye nawa ba, domin laifi tudu ne. Ga abin da ya faru a gabana.

Wata shekara aka kawo wa majalisa ƙarar wata yarinya daga cikin mawaƙa, ta yi ciki ba aure. Marainiya ce, a hannun 'yar'uwar mahaifiyarta take. Aka kira ta, ta zo ta durƙusa, ta amsa laifinta tana kuka. Aka tambaye ta wane ne, ta faɗi suna. Ɗakin ya yi tsit, domin ɗan ɗaya daga cikin manyan masu ba da gudummawa ne, kuma a lokacin muna tsakiyar gini. Wani dattijo ya ce babu shaida. Wani ya ce a bi a hankali, kada a ɓata zumunci. Ba a kira yaron ba, ko sau ɗaya ba a tambaye shi ba. Ranar Lahadi aka karanta sunanta a gaban jama'a, aka sa ta horo, aka dakatar da ita daga Jibin Ubangiji da waƙa. Shi kuwa yana zaune a inda ya saba zama. Ni ne na rubuta hukuncin da hannuna. Na san ba daidai ba ne tun alƙalami yana kan takarda, amma na ce wa kaina ni magatakarda ne, rubutu ne aikina. Bayan 'yan watanni ta daina zuwa. Muka kammala gini, aka yi bikin keɓewa, aka yi godiya.

Shekaru sun wuce kafin in iya karanta Yohanna sura 8 ban ji kunya ba. Waɗanda suka jawo mace gaban Yesu sun ce an kama ta tana cikin yin zina, amma ita kaɗai suka kawo, alhali Littafin Firistoci 20:10 da suke fakewa da shi ya ambaci namijin da macen duka. A wannan labari na san inda nake tsaye. Ban ɗauki dutse ba, amma ni ne na riƙe wa masu jifa littafi.

Ba na roƙon a daina horo. Ikkilisiyar da ba ta tsawata wa 'ya'yanta ba ta ƙaunarsu. Roƙona shi ne mudu ya zama guda. Littafin Firistoci 19:15 ya hana a goyi bayan matalauci don talaucinsa, ya hana a ji nauyin babba don girmansa. Yakubu ya yi maganar mai zoben zinariya da aka ce wa zauna nan a wuri mai kyau, da matalaucin da aka ce wa tsaya can, ya kira wannan zunubi ƙarara. Bulus kuma, da yake ba Timoti umarni a kan ƙarar dattawa, ya gama shi da Allah da Almasihu Yesu da zaɓaɓɓun mala'iku kada ya yi komai da son kai. Ku buɗe littattafan majalisunku, ku ƙirga sunayen waɗanda aka sa horo a shekara 10 da suka wuce. Mata nawa, maza nawa? Masu hali nawa? An taɓa sa wani horo don ya danne haƙƙin ma'aikatansa, ko ya cinye gadon marayun ɗan'uwansa, ko yana dukan matarsa? A namu littafin ban taɓa rubuta irin wannan ba, kuma ba don ba a yi ba ne.

Akwai abin da ya fi wannan muni, dole in faɗe shi ko da yake yana da nauyi a baka. Idan ma'aikacin ikkilisiya ya ci amanar yaro ko yarinya da aka damƙa masa, sau da yawa abin da ake fara tunani shi ne sunan coci. A kira iyaye a ba su haƙuri, a ce su bar wa Allah, a yi wa mai laifin canjin wurin aiki, ya je ya tarar da wasu 'ya'yan. Ikkilisiyoyi manya a ƙasashe da dama sun bi wannan hanya shekara da shekaru, ƙarshenta asiri ya tonu, sunan da ake karewa ya zube, ga kuma rayukan da aka lalata. Irin wannan laifi na hukuma ne, a kai shi gaban hukuma. Yesu, wanda ya ce gara a rataya wa mutum dutsen niƙa a wuya a jefa shi cikin teku da ya sa ɗaya daga cikin ƙananan nan tuntuɓe, ba ya bukatar mu kare masa suna da ƙarya.

Sai maganar haƙƙin ma'aikata, wadda ita ma daga gida za ta fara. Mai gadin majami'a, mai shara, direba, malamin makarantar da ikkilisiya ta gina, mai bishara da aka tura ƙauye mai nisa. Sau nawa ake cewa su yi haƙuri aikin Allah ne, wata ya bi wata ba a biya su ba, alhali ba a fasa sayen sababbin kayan sauti ba? Shari'ar Musa ta ce kada ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka har safiya. Maimaitawar Shari'a 24:15 ta ba da dalili: matalauci ne, ya sa ransa a kai, kada ya yi kuka ga Ubangiji ya zama maka zunubi. Yakubu 5:4 ta ce ladan da aka danne shi kansa yana kuka. Yaya fasto zai tsaya ya tsawata wa ɗan kasuwa mai tauye mudu, ko jami'i mai karɓar na goro, idan mai gadin da ya buɗe masa ƙofa da safen nan yana bin majami'a bashin wata uku?

Kuɗin baiko ma haka. Bulus manzo ne, amma da ya tara gudummawa don matalautan Urushalima bai yarda ya ɗauke ta shi kaɗai ba. A 2 Korantiyawa sura 8 ya ce ikkilisiyoyi sun zaɓi wani ɗan'uwa ya tafi tare da su, don kada kowa ya sami abin zargi, domin suna so su yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Idan Bulus bai ɗauki wannan raini ba, bai kamata wani ya ji an raina shi don an ce a karanta rahoton kuɗi a gaban membobi ba.

Ina ƙaunar yadda manzanni suka yi a Ayyukan Manzanni sura 6. Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu a rabon yau da kullum. Manzanni ba su ce masu ƙorafi suna da ruhun tawaye ba, ba su ce ana neman raba ikkilisiya ba. Suka tara jama'a, suka ce a zaɓi mutum bakwai. Ku duba sunayen: Istifanas, Filibus, Burokoras, Nikanar, Timan, Barminas, Nikolas. Duka sunayen Helenanci ne. Ga dukkan alamu ɓangaren da aka tauye shi aka damƙa wa rabon. Aya ta 7 kuwa ta ce maganar Allah ta yi ta yaɗuwa.

A kan jinƙai, akwai wata kalma a cikin ayar Mika da na daɗe ban lura da ita ba. Adalci an ce a yi shi, jinƙai kuwa an ce a ƙaunace shi. Kalmar Ibrananci da ke wurin, hesed, ita ce ake amfani da ita ga ƙaunar Allah wadda ba ta sakin alkawari. Mutum yana iya ba da taimako yana ɗaure fuska, yana iya ba da shi gaban kyamara, a jera gwauraye a ɗauki hotonsu a watsa a intanet. Na sha ganin fuskokin matan nan a irin waɗannan hotuna, kai a sunkuye. An ba su abin hannu, an karɓe musu mutunci. Yesu ya ce kada hagu ta san abin da dama take yi. Wanda yake ƙaunar jinƙai shi ne yake fita neman mai bukata tun kafin ya zo roƙo, ya san sunansa, ya koma ya duba shi bayan an watse.

Iyayenmu na farko a bangaskiya da wannan aka san su. A shekara ta 362 Sarki Yuliyan na Rum, wanda ya bar bangaskiyar Kirista yana ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka, ya rubuta wa wani babban firist na Galatiya yana kukan cewa Kiristoci suna ciyar da matalautansu har da na arna. Maƙiyi ne ya ba da wannan shaida. 'Yan shekaru bayan haka, da yunwa ta auka wa Kafadokiya, a ƙasar Turkiyya ta yau, Basil na Kaisariya ya rabar da dukiyarsa ya ciyar da jama'a, daga baya ya gina wurin kula da marasa lafiya da kutare da baƙi a bayan gari, har aka riƙa kiran wurin sabon birni. Ba a tambayi mai yunwa wace majami'a yake zuwa ba kafin a ba shi.

Tushen wannan kuwa yana cikin misalin bawan nan na Matiyu 18. Sarki yana binsa talanti 10,000. Talanti guda dinari 6,000 ne, dinari guda kuma ladan yini ne na ɗan ƙodago, wato bashin da mutum zai yi fiye da shekara 160,000 yana aiki bai biya ba. Aka yafe masa. Yana fita ya shaƙe wuyan abokin bautarsa a kan dinari 100, ladan wata uku da 'yan kwanaki. Duk wanda ya zauna a kujerar majalisa yana yanke wa wani hukunci, bawan farko ne shi. Ranar da muka yanke wa yarinyar nan hukunci, babu ko ɗayanmu da ya tambayi inda za ta haihu, ko wa zai riƙe ta. Babu wanda aka tura ya ziyarce ta. Galatiyawa 6:1 ta ce idan aka kama mutum da laifi, ku da kuke na ruhu ku komo da shi cikin tawali'u, kuna lura da kanku. Mu mun iya fitarwa, komowa da mutum ce ba mu koya ba.

Amma ina roƙonku kada a mai da jinƙai sandar dukan wanda aka zalunta. Na sha jin an ce wa matar da ake duka, ko maraya da aka cinye wa gado, ai kai Kirista ne, ka yafe. Gaskiya ne, gafara wajibi ce a kanmu. To shi wanda ya ci, me aka ce masa? Zakka mai karɓar haraji, ranar da Yesu ya shiga gidansa, ya tashi tsaye ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, kuma duk wanda ya zambata zai mayar masa ninki huɗu. Bayan wannan ne Yesu ya ce yau ceto ya zo gidan nan. Idan an nemi gafara daga bakin wanda aka cuta, a nemi mayarwa daga hannun wanda ya cuta, a zama ɗaya.

Da na yi ta tunanin dalilin da ya sa na yi shiru a wancan zama, na tarar tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. Mun gina ikkilisiyoyi inda ƙarami ba ya iya cewa babba ya yi kuskure. Da zarar an buɗe baki sai a jawo ayar nan ta kada ku taɓa shafaffuna. Iyayena, wa yake da izinin ya ce muku kun yi ba daidai ba, ya kwana lafiya, ya kuma ci gaba da riƙe aikinsa? Idan babu kowa, to tawali'un da ake yi a cikin addu'a da durƙuso bai sauko ƙasa ba tukuna. Ayar Mika ta ce tafiya, tafiya kuwa abu ne na kullum, kuma mai tafiya da Allah ba shi ne a gaba ba. Kalmar da Mika ya yi amfani da ita ba ta sake fitowa a Tsohon Alkawari ba sai a Karin Magana 11:2, inda aka ce girman kai yana jawo kunya, hikima kuwa tana wurin masu tawali'u.

Dauda sarki ne, amma da Natan ya ce masa kai ne mutumin, ya ce na yi wa Ubangiji zunubi. Bitrus ginshiƙi ne, amma Bulus ya tsawata masa a gaban kowa a Antakiya saboda ya janye daga cin abinci tare da al'ummai. A shekara ta 390, bayan kisan gillar da sojojin Sarki Tiyodosiyus suka yi wa jama'a a Tasalonika, Bishof Ambros na Milan ya hana sarkin Jibin Ubangiji sai ya tuba a fili, sarkin kuma ya tuba. Ina yawan tuna wannan idan na tuna yadda muka kasa kiran ɗan mai kuɗi guda. A zamanin iyayenmu ma, Akbishof Janani Luwum na Uganda tare da sauran bishof-bishof sun rubuta wa shugaban ƙasar, Idi Amin, takardar ƙorafi a kan kashe-kashe da ɓacewar mutane, a watan Fabrairun 1977, kuma a cikin watan aka kashe shi. Mutumin da ya saba sunkuyar da kai ga Allah ne yake samun ƙarfin ɗaga shi a gaban azzalumi. Wanda kuwa yake neman kujerar gaba a wurin masu mulki, ranar da ya kamata ya yi magana zai tarar bakinsa a cike.

Akwai abin da ya ba ni bege a tarihin Mika kansa. Kusan shekara 100 bayansa, aka kama Irmiya za a kashe shi don ya ce za a rushe Haikali. Sai waɗansu dattawan ƙasar suka miƙe, kamar yadda yake a Irmiya 26:17-19, suka ce ai Mika mutumin Moreshet ya faɗi irin wannan a zamanin Hezekiya, ya ce za a nome Sihiyona kamar gona. Hezekiya ya kashe shi? Ai tsoron Ubangiji ya ji, ya nemi tagomashinsa, Ubangiji kuma ya janye masifar. Wato shugaba guda ya saurari mutumin ƙauye, ƙasa ta tsira, kuma bayan ƙarni guda dattawa suna tuna wannan har ya ceci ran wani annabin. Dattawa ne suka tuna. Aikinku ke nan.

Kada wani ya ce ina wa'azin ceto ta wurin ayyuka. Ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, ba don wani abin da muka yi ba. Amma Afisawa sura 2 da ta faɗi wannan a aya ta 8 da ta 9, ita ce ta ce a aya ta 10 an halicce mu cikin Almasihu Yesu domin kyawawan ayyuka. A Mika ma sai da Allah ya tuna musu ya fanshe su daga gidan bauta kafin ya faɗi abin da yake nema. Littafin kuma ya rufe da tambayar da take daidai da ma'anar sunan annabin: wane Allah ne kamarka, mai gafarta mugunta, mai jin daɗin nuna jinƙai, mai jefa zunubanmu cikin zurfin teku? Da ba don wannan ba, da ban iya rubuta abin da na rubuta a kan kaina a sama ba.

Na san a cikinku akwai waɗanda suke yin duk wannan ba tare da kowa ya sani ba. Na san fastocin da suke raba ɗan albashinsu da marayu, waɗanda aka yi wa canjin wurin aiki don sun ƙi rufe gaskiya. Ku ne kuka sa ban fid da rai ba, kuma ina roƙon ku riƙa magana a majalisa ko da ku kaɗai ne, domin akwai magatakarda a gefe da yake jiran mutum guda ya fara.

Abin da nake roƙo a wurin sauran ba shi da tsada. A zaman majalisarku na gaba, kafin a shiga maganar gini, a tambaya ko akwai ma'aikacin da yake bin ikkilisiya haƙƙinsa. A buɗe littafin horo a karanta sunayen waɗanda aka fitar ba su dawo ba, a raba sunayen a tsakaninku, kowa ya je ya nemi nasa. Inda ku ne kuka yi kuskure, ku faɗa musu haka da bakinku.

Ni na nemi tawa. A watan jiya na sami labarin inda take, na aika a tambaye ta ko za ta yarda in zo tare da matata, ta ce in zo. Yaron da ta haifa ya girma. Na kwafe shafin nan na littafin majalisa da hannuna, zan tafi da shi, in nuna mata inda ya kamata a ce an rubuta suna na biyu, in roƙe ta gafara. Daga cikin dattawan da muka zauna a ranar, uku suna raye. Na je wurin kowannensu na roƙe shi ya raka ni. Ɗaya ya amsa, biyu sun ce za su yi addu'a a kai. Ranar Asabar za mu tafi, kuma akwai wuri a motar.

Ku sa mu a addu'a.

Ɗanku a cikin Ubangiji,
Wani tsohon magatakardan majalisar dattawa